Kafin ka sayi famfon mai na uku, tsaya ka saurari motar

Wa alaikumus salam ƙanina. Na karanta bayaninka har sau biyu. Ka ce Corolla ce ta 2010 otomatik, hom yus, wato wadda aka yi amfani da ita a waje, daga Amurka, kana aikin haya da ita daga Aboabo, da safe tana tashi lafiya, silo ɗinta, wato aikin injin a tsaye ba a taka totur ba, lafiya lau, amma in ta yi zafi ka taka totur sai ta riƙa nauyi kamar an ɗaure mata tirela a baya, ranar da ka kai fasinja Mampong da ƙyar ta hau dutsen nan na bayan Jamasi. Ka canza fulogi, ka canza famfon mai sau biyu, yanzu wani fita, wato makanike, ya ce ka sake sayen famfo wai na baya ba orijina ba ne. Toh ni dai ka ajiye kuɗin nan a aljihu tukuna. Shekarata ashirin da wani abu a Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai ta nan Kumasi, kuma abin da ya fi cin kuɗin direbobi a gabana ba lalacewar mota ba ne, canke ne, a canza wannan a gani, a canza wancan a gani, har mutum ya sayi rabin shagon mai sifiya motar tana nan yadda take.

Abu na farko da nake tambayar duk wanda ya kawo min irin wannan kuka, kuma kai ba ka faɗa ba, shi ne allurar rebs, wadda ke nuna saurin juyawar injin. Lokacin da ka taka ta ƙi gudu, allurar nan tana hawa 4000 ko 5000 injin yana ihu amma motar ba ta tafiya? Ko kuwa ita ma allurar maƙalewa take wajen 2500 zuwa 3000 ta ƙi wucewa? In na farkon ne, injinka ba shi da laifi, giya ce take sulɓi, sai a duba man giya, launinsa da warinsa, in ya koma baƙi yana ƙauri kamar abin da ya ƙone a tukunya ka san inda matsalar take, a mota mai giyar hannu kuma kuloci ne ya cinye. In na biyun ne to injin ne ya rasa ƙarfi, kuma yadda ka kwatanta na fi zaton shi ne. Wani abu kuma da ba ya cin ko sidi ɗaya, bayan ka yi tafiya ka tsaya ka kai hannunka kusa da kowace ƙafar mota, kar ka taɓa, kusa kawai, in guda ta fi sauran zafi sosai birki ne ya kama, na sha ganin an buɗe injin alhali kalifa, abin da ke matse birki, ce ta maƙale. Ka leƙa ƙarƙashin totur ma, kafet ninki biyu da direbobi ke sawa lokacin damina yana hana shi kaiwa ƙasa.

Injin fetur numfashi yake kamar ni da kai. Yana shaƙar iska, ya haɗa da mai, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai in an auna da nauyi, fulogi ya ba shi wuta a daidai lokacin, sannan ya fitar da hayaƙi. A silo ɗan kaɗan yake buƙata na kowanne, shi ya sa mota mai ciwo sai ta yi silo sumul ta yaudare ka, fita ya tsaya a gareji ya ba ta wuta bum bum a fakin ya ce ai ta yi, ka biya ka tafi, kana isa hawan farko ta dawo da halinta. Ba da wuta a tsaye ba gwaji ba ne, don babu nauyi a kanta. Irin wannan ciwon a kan titi ake kama shi, da mashin ɗin gwajin mota a haɗe, mutum ɗaya yana tuƙi ɗaya yana kallon lambobi.

Yanzu ga abin da ya ja hankalina a maganarka. Ka ce da sanyi tana da ɗan dama dama, sai ta yi zafi take mutuwa a jiki, kuma an sa famfo biyu babu abin da ya canza ko na kwana ɗaya. Ni in aka kawo min wannan, kafin in taɓa tanki sai na fara zargin katalis, wato tukunyar nan da ke jikin salansa kusa da injin wadda ke tace hayaƙi. Cikinta kamar saƙar zuma yake, ƙananan ramuka dubbai, an shafe su da ƙarafa masu tsada irin su filatinom da faladiyom da rodiyom, abin da ya sa ɓarayi ke yanke ta kenan. In injin ya daɗe yana tafiya da fulogi ko kwayil, wato abin da ke ba fulogi wuta, mai fashin wuta, ɗanyen mai yana sauka cikinta ya ƙone a can, zafin ya yi yawa har saƙar ta narke ta dunƙule, ko kuma in injin na shan baƙin mai tokar ta toshe ramukan. Daga nan hayaƙi ba shi da hanyar fita. Ka gwada gudu da hannunka a kan hancinka da bakinka ka gani, tafiya a hankali za ka iya, amma hawan tudu ba za ka kai ko ina ba. Alamominta su ne daidai naka, ƙarfi yana raguwa yadda tafiya ke tsawo, allura ta ƙi hawa, wani lokaci ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƙasan mota wajen ƙafar fasinja ya yi zafi, in ka sa hannu nesa kaɗan da bakin salansa ka ji iskar ba ta bugowa da ƙarfi, in kuma saƙar ta farfashe ne ka bugi tukunyar da hannu da sanyi za ka ji tana kacau kacau kamar tsakuwa a gwangwani.

Gwajinta ba ya buƙatar sayen komai. Akwai sansa guda a gaban katalis ɗin, wanda ke shinshina hayaƙi, a bar mota ta huce a kwance shi, ramin da ya bari zai zama ƙofar da hayaƙi zai samu ya tsere. A ɗaure wayar gefe kar ta taɓa ƙarfe mai zafi, a sauke gilasai, a ɗan zaga minti biyu ko uku kawai, ba wai ka ɗauki fasinja zuwa Ejisu ba, don wuta ce ke fita ta ramin nan kuma akwai wayoyi da robobi a kusa. Za ta yi ƙara kamar tsohon babur, wutar cek injin za ta kama, duk ba komai. In ka ji motar ta farka ta fara fizga, an kama ɓarawo. Wanda yake da gejin auna matsi ma ya fi, a ɗaura shi a ramin sansan, a silo bai kamata ya wuce psi 1 da ɗan wani abu ba, a 2500 kuma in ya haura 3 to akwai toshiya.

In ta tabbata katalis ce, na san abin da za a ce maka, a fasa ta a zazzage cikin a mayar da gwangwanin. Ba zan yi maka ƙarya ba, motar za ta yi gudu. Amma wutar cek injin za ta zauna maka da lambar P0420, ranar da wata matsala ta gaske ta zo ba za ka sani ba tunda wutar kullum a kunne take, hayaƙin kuma kai da yaran unguwarku za ku shaƙa, ga shi kuma wasu masu saurin cewa a fasa ɗin garin da ke ciki suke so don ana saye da kuɗi mai kyau, kai ka biya kuɗin aiki su kuma su sayar da kayanka. In hali ya yi a nemo mai kyau ta hom yus, a haska tocila ta gefe guda a ga haske ya fito ta ɗaya gefen kafin a biya. Kuma abin da ya fi muhimmanci, katalis ba ta mutuwa haka kawai, wani abu ne ya kashe ta, in ba a gano shi ba sabuwar ma ba za ta ga azumi biyu ba.

Wannan ya kawo mu kan fulogin da ka canza. Tsofaffin suna ina? Don Allah direbobi ku daina barin tsohon kaya a gareji, fulogi shi ne takardar asibitin injin. Baƙi mai gari kamar gawayi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Fari fat kamar alli, mai ya yi kaɗan, injin yana aiki da yunwa. Jiƙe da baƙin mai, zobe ko robar bawul ta tafi. In kuma ja ne kamar an barbaɗa masa jan ƙasa ko tsatsa, wannan manganis ne daga fetur. Ka tuna ƙarshen 2023 lokacin da motoci suka riƙa fizge fizge a Akra da nan Kumasi har hukumar NPA mai kula da harkar man fetur a Ghana ta yi magana a kan yawan manganis a cikin fetur, a lokacin mun cire fulogi ja jawur ba adadi, kuma wannan jan garin ba a fulogi kaɗai yake tsayawa ba, yana kwanciya a kan sansa da fuskar katalis. In motarka ta sha man wancan lokacin kuma aka daɗe ana tafiya da ita tana tari, ka ga inda zargina ya samo asali. Sannan wane irin fulogi aka sa maka? Injin nan naka, 2ZR mai lita 1.8, da fulogi mai siririn baki na iridiyom ya zo, tazarar bakinsa wajen milimita 1.1, kuma jabunsa sun cika kasuwa daga nan har Abossey Okai, kwali mai kyau, rubutu mai kyau, wata biyu bakin ya cinye. In aka ba ka huɗu a kuɗin da bai kai na guda ɗaya na gaske ba ai ka san abin da ka saya.

Kwayil kuma kowace silinda da nata a wannan motar. Kwayil mai rauni a silo yana ba da wuta, amma in aka taka totur matsin cikin silinda ya ƙaru sai wutar ta kasa tsallakawa, motar ta riƙa fizga tana tsalle, ba nauyi shiru irin na katalis ba. In mashin ya nuna P0302 misali, silinda ta biyu kenan, kar a sayi komai, a ɗauke kwayil ɗin a mayar da shi ta uku a goge lambar a sake tafiya, in ta koma P0303 kwayil ne, in ta tsaya a ta biyu sai a duba fulogi, nozul mai fesa mai, ko matsin silindar. Ka kula kuma, wutar cek injin in tana ƙiftawa ba tsayawa ta yi cak ba, tana gaya maka a wannan lokacin ɗanyen mai yana dafa katalis, ka sassauta ƙafa. Af, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba ka ga ko wutar ma tana kamawa, don akwai masu sayar da mota da ke cire ƙwan ko su liƙe shi da baƙin salatif ta ciki.

Batun mashin, duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD2 a ƙarƙashin sitiyari, taka ma haka. Amma yawancin masu sa mashin lamba kawai suke karantawa su goge su karɓi kuɗi. Lamba ba ta ce ka canza kaza ba, ta ce ne a nan na ji ciwo. Ka ce a buɗe maka inda ake ganin lambobi suna motsi injin yana aiki, a duba abin da ake kira fuwal tirim, wato yawan man da kontrol bod, kwamfutar motar, yake ƙarawa ko ragewa don ya daidaita. In yana wasa tsakanin ragin 5 da ƙarin 5 lafiya. In ya wuce ƙarin 10 injin yana jin yunwa, sau da yawa da lambar P0171. Dabarar ita ce a kalle shi a silo sannan a kalle shi a 2500 da kuma kan titi. In a silo ya yi sama amma da aka ba da wuta ya sauko, iska ce ke satar hanya ta wani tiyo ko gasket. In kuwa a silo lafiya amma yana hawa yadda ake ƙara wuta, to ko mai ba ya isowa ko sansan iska yana ƙarya. Kaga da wannan kaɗai an raba gardamar famfo ba tare da an ɗaga kujerar baya don a kai ga famfon ba.

Sansan iskan nan yana nan bayan akwatin iyakilina, wato gidan filtar iska, kusoshi biyu ne suka riƙe shi, a ciki akwai wasu 'yan wayoyi sirara kamar gashi. Ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, da jan ƙasar hanyoyin cikin unguwa, in filta ta yage ko ba ta zauna daidai ba duk a kansu take sauka, sai ya riƙa gaya wa kontrol bod iska kaɗan ce ta shigo alhali da yawa ce, shi kuma ya ba da mai kaɗan. A silo injin irin naka yana nuna giram 2 zuwa 3 a daƙiƙa, in an take totur har ƙasa rebs ya kai sama ya kamata ya doshi 100, in ya tsaya a 50 ko 60 to ko sansan ya yi datti ko injin ba ya iya numfashi, wanda ya sake mayar da mu ga katalis ko filtar da ta toshe. A wanke shi da feshin da aka yi dominsa, ba fetur ba, ba feshin kafireto ba, kuma kar yaro ya sa masa tsinke ko burushi. Ita filtar a ɗaga ta a rana, in haske ba ya ratsawa a jefar, busa ta da iskar falkanaiza ba ya mayar da ita sabuwa, huda ta ma yake.

Bari in ba ka labarin wata da ta kusa ba ni kunya. Wani dattijo daga Tafo ya kawo irin motarka, an riga an canza mata famfo da nozul huɗu da kwayil biyu a wani wuri. A tsaye komai daidai, lambobi masu kyau, na ɗauke ta na fita, da na taka daga tsaye sai ta shaƙe kamar za ta mutu sannan ta dawo. Kwana biyu ina zagaye. Rana ta uku na sa yarona ya taka birki da ƙarfi ya sa giya ya ɗan ba ta wuta ni kuma ina tsaye ta gefe bonet a buɗe, sai na ga injin ya ɗaga ya karkata fiye da ƙima saboda mauntin ɗinsa, robar da ke riƙe injin, ya yanke, kuma duk lokacin da ya karkata sai babban tiyon roba da ya taso daga iyakilina ya buɗe baki ta ƙasa, cikin lanƙwasar nan mai kama da ta akodiyon, tsaga ce da yatsana biyu suka shige, in injin ya koma mazauninsa sai ta rufe ruf ba ka ganin komai. Iska tana shiga ta bayan sansa ba a ƙidaya ta ba. Tiyo ɗaya da mauntin ɗaya. Dattijon ya daɗe yana kallon tiyon nan a hannunsa yana lissafin abin da ya kashe, bai ce komai ba sai innalillahi. Tun daga ranar duk motar da ta shigo sai na cire tiyon na lanƙwasa shi a hannu na duba cikin kowane ninki.

Ban ce famfo ba zai iya zama shi ne ba fa. Na ce a auna ne. Toyota ta ce matsin mai a wannan injin ya zauna tsakanin psi 44 da 50, kuma motar ba ta da bakin da ake ɗaura geji kai tsaye, sai an cire tiyon mai an sa mahaɗi mai baki uku, shi ya sa da yawa suke gudun aikin su ce kawai a canza. A auna a silo, a auna ana ba da wuta, in allurar geji ta faɗi lokacin da aka taka to lallai mai ba ya isa. Ko a nan ma ba lallai famfon ba ne. Filtar mai ta wannan motar a cikin tanki take tare da famfo a gida ɗaya, masu canzawa sukan zare ƙaramin injin famfon kawai su mayar da sabo cikin tsohuwar filta da ta sha dattin shekara goma sha, ga regiuleta mai daidaita matsin mai a wurin, ga 'yar robar da ke rufe bakin famfon wadda in ta tsage ko aka manta da ita mai yana komawa tanki. Sannan wuta, a sa mita a soket ɗin famfon injin yana aiki, ya kamata a ga kusan abin da batir ke nunawa, 13 da wani abu, na taɓa samun wadda 9 kawai ke isowa saboda soket ɗin ya ƙone ya yi baƙi, ko famfon da aka sauko da shi daga jirgi yau ka sa a wurin ba zai yi ƙarfi ba. Wajen wannan aikin ba sigari, ba mai walda a kusa. Kai ma kuma ka rage tafiya da wutar mai a kunne kana zuba na kaɗan kaɗan, man da ke tanki shi ke sanyaya famfon.

Saura irin su nozul da suka toshe, taimin da ya goce, ko matsin silinda da ya faɗi, suna faruwa amma su ne na ƙarshe a layi, kuma injin da matsinsa ya tafi yawanci ba ya ɓoyewa, zai sha baƙin mai ya yi hayaƙi ya yi wuyar tashi da safe, kai kuma ka ce naka na tashi bugu ɗaya. Totur ɗinta ma na lantarki ne ba waya, in shi ne ya samu matsala kontrol bod yana riƙe motar da gangan ta riƙa rarrafe kuma wuta za ta kama nan take, ba sai ta yi zafi ba. 'Yan'uwanmu masu Sprinter na trotro da ke karanta wannan, naku dizal ne lissafinsa daban, baƙin hayaƙi da fito kamar na usur in an taka ku fara da tiyon tobo.

Don haka gobe da safe kafin ka fita aiki ka duba allurar rebs ɗin nan, ka buɗe iyakilina, ka lanƙwasa tiyon, sannan ka je wajen mai mashin da zai yarda ya shiga motar ku hau titi tare, ku bar ta ta yi zafi sosai tukuna, go silo ɗin randabawul na Suame kaɗai ya isa ya dafa ta, sannan ku nemi hawa. A kwance sansan gaban a gwada. In ka samu lambobin fuwal tirim na silo da na 2500, da abin da sansan iska ya nuna lokacin da ka take ta har ƙasa, ka turo min tare da hoton bakin tsofaffin fulogin in fitan bai zubar ba.